Amsoshin Wasiƙunku: Idan Injin Ƙaramin Jirgin Sama Ya Mutu a Sama

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun taru a kan batu guda, wato ƙananan jiragen sama masu ɗaukar mutum biyu zuwa shida, irin waɗanda ake gani jefi-jefi suna sauka a filin jirgin Maraɗi, da abin da ke faruwa idan injinsu ya tsaya bayan sun bar ƙasa. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, kuma wani abokin harkata ya yi mini tayin mu tafi Yamai a ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya maimakon mu wuni a mota. Na ƙi, domin a ganina jirgin da ke da inji ɗaya tak, ranar da injin ya mutu faɗowa kawai zai yi. Shin tsorona yana kan hanya?
*Daga wani Alhaji, Sabon Gari, Maraɗi*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsoron naka yana da tushe, sai dai ba a wurin da ka ajiye shi hatsarin yake ba. Ba inji ne ke riƙe jirgi a sama ba, fikafikai ne, su kuwa ba su buƙatar komai illa iska ta riƙa ratsa su da gudun da ya isa. Aikin inji shi ne ya ja jirgin gaba don a samu wannan gudun. Idan ya mutu, nauyin jirgin kansa zai karɓi aikin, muddin matuƙi ya sunkuyar da hancinsa ƙasa kaɗan. Daga nan jirgin zai ci gaba da tafiya yana gangarowa sannu a hankali, kamar yadda shirwa ke buɗe fikafikanta ta sulalo daga nesa ba tare da ta kaɗa su ba. Sitiyarin jirgin da duk abin da ke karkata shi hagu da dama suna aiki yadda suka saba, domin a irin waɗannan jirage wayoyin ƙarfe ne ke haɗa su da hannun matuƙi da ƙafafunsa, ba ruwansu da inji.

Mu ɗauki Cessna 172, jirgi mai kujeru huɗu da aka fara sayarwa a 1956, wanda zuwa yanzu an ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgi da ya taɓa kaiwa. Idan injinsa ya mutu, matuƙi kuma ya riƙe gudun da littafin jirgin ya ƙayyade, wajen kilomita 125 a awa, to duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kimanin mita 9 a gaba. Ke nan jirgin da ke mita 2,000 sama da ƙasa yana da tafiyar kilomita 18 a hannunsa idan babu iska mai tare shi, wanda ya fi nisan Maraɗi zuwa Tsibiri, kuma yana da minti 8 ko fiye kaɗan kafin tayoyinsa su taɓa ƙasa.

Abin da ake yi da waɗannan mintuna an tsara shi tun a makarantar tuƙi, kuma ba a ba mutum lasin sai malami ya sha ja masa totur baya ba zato, ya ce masa ya nuna inda zai sauka. Da farko matuƙi yana daidaita gudun jirgin, sannan ya zaɓi filin da zai iya kaiwa ya nufe shi. Sai bayan haka ne yake neman tayar da injin: ya sauya tankin da ake shan mai daga gare shi, ya kunna famfon mai idan jirgin yana da shi, ya buɗe wa kafireta iska mai zafi, ya gwada makunnin wuta. Idan duk bai yi ba, ya kira masu kula da zirga-zirgar jirage, waɗanda a Nijar ma'aikatan ASECNA ne, hukumar da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar. Yana furta kalmar Mayday sau uku a kan zangon da yake magana a kai, ko a kan megahaz 121.5 da aka keɓe wa gaggawa a duk duniya, ya faɗi inda yake da yawan mutanen da ke ciki, ya kuma sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna jirgin ga rada. Gab da sauka yana rufe mai, ya kashe wuta, ya sa kowa ya ɗaure bel tamau, ya kuma sassauta ƙofofi don kada su maƙale idan jikin jirgin ya lanƙwashe. An jera su a haka da gangan, domin wanda ya duƙufa a kan rediyo ya bar gudun jirgi ya zube, ya yi abin da ya fi mutuwar injin muni.

A nan ne ainihin hatsarin yake. Idan mutum ya ga ƙasa tana matsowa, zuciyarsa za ta ce masa ya ja sitiyari baya don ya ɗaga hancin jirgin, ko ya ɗan ƙara nisan da zai ci ya kai wani fili da ya fi masa kyau. Ɗaga hanci ba tare da inji ba yana cinye gudu, kuma akwai iyakar da idan aka wuce ta iska ke rabuwa da saman fikafikai, su daina ɗaukar jirgin; sai hanci ya faɗi, sau da yawa fiffike ɗaya ya riga ɗaya, jirgin ya murɗa ya doshi ƙasa da ka. Irin wannan kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi ita ce kan gaba a cikin abubuwan da ke kashe mutane a ƙananan jirage. Wanda kuwa ya yarda cewa injin ya tafi, ya tuƙa jirgin har ƙasa fikafikai a daidaice, zai taɓa ƙasa da gudun kilomita 90 a awa ko kusa da haka, gudun da motocin haya ke wucewa kullum a hanyar Tasawa.

Ƙarfin buguwa kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin buguwa ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa ake sauka ana fuskantar iska. Jirgin da ke gudun 90 yana fuskantar iskar da ke kaɗawa da 25 zai taɓa ƙasa da 65, wanda ya ba ta baya kuwa da 115, kuma buguwar na biyun ta ninka ta na farkon fiye da sau uku. An ƙera ƙaramin jirgi ya kare mutanen cikinsa daga tsayawar da ta kai ninki tara na nauyin jikinsu, kuma a gudun kilomita 80 hakan yana nufin jirgin ya samu mita uku kacal da zai ja jiki a cikinsu kafin ya tsaya. Abin da ake gudu shi ne tsayawa nan take a jikin kututture ko katanga.

Manyan jirage ma a kan wannan ƙa'idar suke. A 1983 wani Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya ƙare da mai a sama saboda an rikita lissafin kilo da na laba, ya sulalo ya sauka a tsohon filin sojan sama na Gimli a Kanada, mutum 69 da ke ciki duk suka tsira. A ranar 15 ga Janairun 2009 kuma, Kyaftin Chesley Sullenberger ya saukar da Airbus A320 a kogin Hudson na birnin New York bayan tsuntsaye sun kashe injinansa biyu, aka fitar da mutum 155 da ransu.

Duk da haka ba za mu ɓoye maka ba, Alhaji: tafiya a ƙaramin jirgi mai zaman kansa ta fi tafiya a jirgin fasinja na kamfani hatsari nesa ba kusa ba, kuma bambancin yana ga matuƙi da yanayi fiye da yadda yake ga yawan injina. A ra'ayinmu, idan tafiyar ta rana ce, sama a washe, matuƙin kuma gogagge ne, jirgin yana da takardunsa na ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta Nijar, ko na ƙasar da aka yi masa rajista, to tayin abokin naka abin dubawa ne. Idan ta dare ce, ko cikin hazon hunturu mai kauri, ko hadari na haɗowa, ka shiga motarka, domin duk lissafin da muka yi a sama ya dogara ga matuƙi ya ga ƙasar da zai sauka a kai.

Tambaya: Ni bakanike ne, na daɗe ina gyaran injin mota da na babur. An ce mini injin ƙaramin jirgi bai bambanta da na mota sosai ba. To me ke kashe shi a sama, alhali ana cewa kullum cikin duba shi ake?
*Daga wani bakanike, unguwar Ali Ɗan Tsoho*

Amsa: Malam, an gaya maka gaskiya, kuma da za a buɗe maka murfin Cessna 172 da ka gane kusan komai. Injin Lycoming da ke cikin mafi yawansu silinda huɗu gare shi a kwance, biyu a kowane gefe, iska ke sanyaya shi don haka babu lagireto, kuma ba ya wuce juyi 2,700 a minti. Babban bambancin yana wajen wuta. Kowace silinda tana da buji biyu, akwai kuma maganeto biyu da injin ke juyawa da kansa, kowanne yana ba buji ɗaya wuta a kowace silinda, ta yadda idan ɗaya ya lalace ɗayan zai riƙe injin. Mutuwar batir ba ta kashe shi. Kafin kowane tashi matuƙi yana tsayawa a bakin titi ya taka birki, ya ƙara wuta, ya kashe maganeto ɗaya bayan ɗaya yana kallon yadda juyin injin ke raguwa. Idan raguwar ta wuce ƙa'ida ko injin ya yi gargada, tafiya ta fasu. Ana yi wa jirgin cikakken bincike kowace shekara, wanda ake haya da shi kuma kowace awa 100, sannan masu ƙera injin sun ba da shawarar a kwance shi gaba ɗaya idan ya yi aikin awa 2,000.

Injin da ake kula da shi haka yana iya karyewa, bawul ya maƙale ko silinda ta tsage ko bututun baƙin mai ya fashe, kuma irin wannan yakan yi gargaɗi a gejin zafi da na matsin baƙin mai ga wanda ke kallonsu. Amma kaso mai yawa na injinan da ke mutuwa a sama lafiyarsu ƙalau; mai ne bai iso musu ba, kuma laifin daga ƙasa aka taso da shi.

Wani lokaci man ƙarewa yake yi ƙurmus. Cessna 172 tana shan lita 30 zuwa 35 a awa, kuma ƙa'ida ta ce mai tafiyar rana ya tashi da abin da zai kai shi ya kuma rage na minti 30, mai tafiyar dare na minti 45. Gejin man ƙananan jirage ba abin dogaro ba ne, shi ya sa matuƙin kirki yake hawa kan fiffike ya buɗe murfin tanki ya tsoma sandar awo da hannunsa, sannan ya yi lissafi da agogo. Iska mai tare gaba tana iya mai da tafiyar awa uku ta koma huɗu, kuma a ƙasa irin tamu, inda filayen jirgi ke nesa da juna kuma ba kowanne ke da fetur ɗin jirgi ba, mai tashi yana bukatar ya san inda zai sake sha tun kafin ya bar gida.

Wani lokacin kuma man yana nan a tanki, hanyarsa ce a rufe. Jiragen da fikafikansu ke ƙasa, irin su Piper PA-28, suna shan mai daga tanki ɗaya a lokaci guda, matuƙi ne ke sauyawa da hannu, kuma an sha samun jirgi a gona tanki ɗaya a bushe ɗaya cike. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a ranar 12 ga Oktoban 1997 a gaɓar tekun Kalifoniya cikin wani ƙaramin jirgi ƙirar gida wanda aka sa wa makunnin sauya tanki a bayan kafaɗar matuƙi ta hagu. Masu bincike sun kammala cewa a ƙoƙarinsa na juyawa ya kai hannu ga makunnin ne jirgin ya kuɓuce masa.

Sai gurɓataccen mai. Fetur ɗin jirgi da ake kira 100LL shuɗi ne, da gangan aka rina shi. A ƙarƙashin kowane tanki akwai ɗan bawul, kuma kafin tashi matuƙi yana tara ɗan kofi mai haske ya tatsi mai kaɗan ya ɗaga shi sama ya duba. Idan akwai ruwa, ko na sama da ya shiga ta murfin da robarsa ta tsufa, ko na raɓar da ke taruwa a tankin da ya kwana rabi, za a gan shi kwance a gindin kofin, fari tas a ƙarƙashin shuɗin, domin ya fi fetur nauyi. Sai a ci gaba da tatsa har ya ƙare. Inda ake zuba mai daga duro ko jarka, wannan dubawar ba ta da makwafi. Kananzir ɗin manyan jirage, Jet A-1, idan aka zuba shi bisa kuskure a injin fetur, injin zai tashi da ragowar man da ke cikin bututu, ya bari sai jirgi ya ɗaga sannan ya lalace. Man bakin titi na cikin kwalabe kuwa ba ma a kawo zancensa kusa da jirgi.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne ƙanƙara, a garin da zafi ke wuce digiri 40. Ka zuba fetur a tafin hannunka ka ji sanyin da yake bari yayin da yake bushewa. Haka yake yi a maƙogwaron kafireta, ga kuma iskar da ke matsewa ta wuce da gudu, har zafin wurin ya faɗi da digiri 20 ko fiye. Idan iskar tana ɗauke da danshi, sai danshin ya daskare a jikin maƙogwaron ya riƙa toshe shi. Wannan yana iya faruwa ko da zafin waje ya kai digiri 30, don haka safiyar Agusta bayan an kwana ana ruwa ta fi ranar Afrilu hatsari ta wannan fuskar. Alamarsa ita ce juyin inji ya riƙa raguwa a hankali. Maganinsa wani maɓalli ne da ke turo iska mai ɗumi daga jikin salansa, amma idan aka ja shi injin yakan ƙara gargada na ɗan lokaci saboda ruwan ƙanƙarar da ya narke yana bi ta cikinsa, kuma matuƙin da ya tsorata ya mai da maɓallin a daidai wannan lokacin ya kashe injinsa da hannunsa. Sababbin 172 da aka ƙera tun daga ƙarshen shekarun 1990 ba su da kafireta, allurar mai gare su.

Ƙurar hunturu takan toshe matacin iska ta kuma ci silinda idan ta samu kafa, amma nata aikin a hankali take yin sa.

Tambaya: Na ji an ce babu lokacin da ya fi muni kamar inji ya mutu jirgi na cikin tashi. Me zai hana matuƙi ya juyo ya koma filin da ya baro, tunda ga shi nan kusa?
*Daga wata malamar makaranta, Tsibiri*

Amsa: Malama, wannan tunanin shi ne ke fara zuwa wa matuƙin ma, kuma ya halaka da yawa daga cikinsu. Jirgin da ya kai mita 150 kacal yana da kimanin daƙiƙa 40 a hannunsa, wasu daga ciki kuma firgita za ta cinye su. Hancinsa a ɗage yake domin hawa yake yi, don haka gudunsa zubewa yake tun daga daƙiƙar farko, sai an tura hancin ƙasa nan take. Komawa fili kuma ba rabin zagaye ba ne kawai, domin bayan juyawar jirgin zai samu kansa a gefen titin, sai ya ƙara karkata ya sake miƙewa, kuma kowace karkata tana cin tsawo. Idan matuƙi ya ga ƙasa ta matso ya tsananta karkatar, gudun da fikafikai ke buƙata yana ƙaruwa: da kusan kashi 19 cikin ɗari a karkatar digiri 45, da kashi 41 a ta digiri 60. Ga gudu yana raguwa, ga buƙatarsa tana hawa, kuma inda suka haɗu babu sauran tsawon da za a gyara komai. Wanda ya yi sa'ar kaiwa ma, iska na bayansa zai sauka.

Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya sauka a abin da ke gabansa, yana ɗan kaucewa hagu ko dama don guje wa gini ko bishiya, kuma ya yanke wannan shawarar tun yana bakin titi, ya furta wa kansa tsawon da idan bai kai shi ba ba zai juyo ba. A ranar 5 ga Maris 2015 injin wani tsohon jirgin horar da sojoji da ɗan wasan Amurka Harrison Ford ke tuƙawa ya mutu jim kaɗan bayan tashinsa daga Santa Monica, saboda wani ɗan ƙarfe mai auna mai ya kwance a cikin kafireta. Ya juyo ya nufi filin, da ya ga ba zai kai ba sai ya haƙura da shi ya nufi wani filin wasan golf da ke kusa, ya goge kan bishiya ya sauka. Ya ji munanan raunuka amma ya rayu.

Zafinmu yana ƙara tsananta lamarin. Filin jirgin Maraɗi yana kusan mita 380 sama da teku, amma da azahar ɗin Afrilu, a zafin digiri 42, iska takan yi shaƙaf har jirgi ya riƙa aiki tamkar daga tsawon mita 1,400 ko fiye yake tashi. Yana cin titi mai yawa, yana hawa a hankali, yana kuma daɗewa a wannan tsawon da babu zaɓi a cikinsa. Shi ya sa masu ƙananan jirage suka fi son sammako.

Tambaya: Idan irin wannan jirgi ya sauko a gonata, me ya kamata mu yi? Kuma me ya sa ba zai nemi kwalta ya sauka a kai ba?
*Daga wani dattijo manomi, Madarunfa*

Amsa: Baba, kwalta tana da kyau daga sama, amma tana da tarko. Faɗin fikafikan Cessna 172 mita 11 ne, ya fi faɗin kwaltar hanyoyinmu, ga allunan gefen hanya da bishiyoyi, ga manyan motoci da amalanke da dabbobi, ga kuma wayoyin lantarki da ba a ganinsu daga sama sai dai a nemi turakunsu. Matuƙi yana iya zaɓar hanya idan ya ga ta miƙe kuma babu kowa, amma sau da yawa gona ta fi. Da rani bayan girbi yana neman fili mai tsawo da ke fuskantar iska, kuma idan akwai kunya yana bin tsawonta, ba ya gicciye ta. Da damina dogon gero yana taimakonsa, domin karan yana rage wa jirgi gudu a hankali. Abin tsoronsa su ne suri, da rijiya, da kwazazzabon da ruwa ya ci, da kuma itatuwa. Sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, wanda manoman jihar Maraɗi suka runguma tun shekarun 1980 ya cika gonaki da gawo da kalgo da aduwa, alheri ne babba ga ƙasa, amma ya rage filayen da ke fayau. Idan babu makawa, ana koya wa matuƙi ya ratsa tsakanin bishiyoyi biyu, fikafikai su sha dukan, ɗakin mutane ya wuce. Yashin gulbi mai laushi yana kama tayar gaba ya kifar da jirgi, ruwan tafki ma haka yake yi wa jirgin da tayoyinsa ba su naɗewa.

Idan ya sauko, abu na farko shi ne wuta. Kada kowa ya matso da taba ko ashana, a kuma kashe babura nesa da wurin, domin fetur yana iya zuba daga fikafikai. Kada a taɓa farfela ko da ta tsaya cik, saboda idan wayar maganeto ta tsinke, ɗan juya ta da hannu yana iya tayar da injin. Wanda ya iya fitowa da ƙafarsa a janye shi nesa, ta ɓangaren da iska ke fitowa. Wanda ke kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a fizge shi sai in wuta ko hayaƙi sun tilasta, kuma ko a nan a ɗauke shi kai da wuya da baya a miƙe. A aika wa mai gari da jandarmomi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Yawancin jirage suna ɗauke da wata na'ura da buguwa ke kunnawa, tana aika saƙo ga tauraron ɗan Adam a kan megahaz 406, amma mutanen ƙauye su ne kan riga kowa isa wurin.

Sannan a hana yara da manya ɗaukar ko da ƙusa. Masu bincike suna buƙatar su ga inda makunnin mai ya tsaya, su ɗebi abin da ya rage a tanki, su auna sawun tayoyi, domin da haka ake gane abin da ya faru a gyara wa sauran jirage. Game da amfanin gonarka, a ɗauki hotonsa a gaban mai gari da jandarmomi kafin taron ƴan kallo ya tattake sauran, domin jirgin da ke aiki bisa ƙa'ida yana da inshorar ɓarnar da ya yi wa mutanen ƙasa, kuma da shaida ake neman diyya.

Tambaya: Ashe ba jirgi mai inji biyu ne mafita ba? Kuma gaskiya ne akwai jirgin da ke da lemar sauka tasa ta kansa?
*Daga wani ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, Maraɗi*

Amsa: Inji na biyu yana da amfani a kan hamada, ko teku, ko cikin dare, amma ba kyauta yake zuwa ba. Ƙaramin jirgi mai inji biyu idan ya rasa ɗaya ya rasa rabin ƙarfinsa, amma abin da ya rasa na iya hawa yakan kai kashi 80 cikin ɗari, kuma da cikakken kaya a rana mai zafi mai yiwuwa ba zai iya riƙe tsawonsa ba. Injin da ya rage kuma yana jan jirgin gefe guda, ta yadda idan gudu ya faɗi ƙasa da wata iyaka jirgin mirginawa zai yi. A hannun wanda ke yawan atisaye kariya ce, a hannun wanda ya daɗe bai gwada ba kuwa ƙarin hatsari ne. Wasu sun bi wata hanyar, wato inji ɗaya amma mai shan kananzir, irin PT6 da ke jikin Cessna Caravan, wanda ya fi injin fistin aminci sosai.

Zancen lema gaskiya ne. Kamfanin Cirrus na Amurka yana sa ta a jiragensa SR20 da SR22 tun daga SR20 na farko da aka amince da shi a 1998. Akwai wani jan mariƙi a rufin ɗakin matuƙi. Idan aka ja shi, ƙaramin roka yana fasa bayan jirgin ya fitar da lemar, jirgin duka ya sauko a ƙarƙashinta da mutanensa a zaune. Tana buƙatar tsawo kafin ta buɗe sosai, tana da iyakar gudun da za a iya sakinta a kai, ana sake naɗe ta a sauya rokan kowace shekara 10, kuma jirgin yakan lalace ƙwarai a saukar. Ga masu kai ɗauki akwai abin kiyayewa: idan irin wannan jirgi ya faɗi lemar ba ta fita ba, rokan yana nan da ransa, don haka kada a tsaya a saman bayan ɗakin fasinja inda aka manna alamar gargaɗi, kada kuma a yanke wata waya a rufin jirgin sai ƙwararru sun iso.